Robar Fitsari da Kunyar Suruki

Kwana biyu ke nan fitsarin Malam Manzo ya ƙi fita, mararsa ta kumbura. A gidan likitan ƙauyensu, nesa da garin Gure, Fadilu kaɗai ya iya saka robar fitsari. Shi ne kuwa mijin Rahinatu, ɗiyar Malam Manzo.

"Gara in mutu da surukina ya ga tsiraicina," in ji tsohon.

Fadilu ya dubi matarsa tana kuka. "Rahinatu, na sake ki saki ɗaya. Malam, yanzu ni bare ne. Kwanta."

Tsohon ya kwanta. Da fitsari ya sauka, Fadilu ya ce, "Na mai da matata."

Rahinatu ta share hawaye. "Ka manta duk wata ake sauya robar nan? Saki biyu ya rage mana."