Majanyin Iya Tasalla

Shekara biyar ke nan da Gwamna ya sa hannu a dokar annoba: tsoho ba ya taɓa yaro. Kowane tsoho aka ɗaura masa munduwa mai kururuwa da zarar ya kusanci yaro.

Ranar da aka ɗage dokar, Iya Tasalla ta ciro majanyin da ta tanada tun jikanta Ɗanlami yana ciki, ta nufi gidan 'yarta. Ta durƙusa a tsakar gida, ta juya wa Ɗanlami baya.

"Zo in goya ka, maigidana."

Yaron ya ruga bayan uwarsa yana ihu: "Umma, tsohuwa za ta taɓa ni!"

Iya ta naɗe majanyin a hankali. "Ƙyale shi," ta ce da 'yarta. "Ai ya ma wuce goyo."