Tafkin da Taswira Ba Ta Sani Ba

Tun da aka kafa doka cewa madatsa ba za ta saki ruwa ba sai inda taswira ta nuna kifi, Dantani masunci ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tafkin Kanya kullum janyewa yake. Da hantsi ya isa ofis wurin Malama Marka, mai kula da taswirar.

"Malama, tafkinmu fa? A can kifin karfasa ke zuba ƙwai."

Ta juyo masa allon kwamfuta mai ɗauke da taswirar. Ko'ina jajayen ɗigo masu nuna inda kifi yake, Kanya kuwa fari fat.

"Baba, shekara goma kuna aiko mana ta waya inda kuka yi kamu. Ko tarwaɗa ɗaya ba ku nuna a nan ba."

Dantani ya cire hula ya mayar. Masunci ba ya faɗin inda ya samu kifi, haka iyayensu suka koya musu. Duk wanda ya cika kwalekwale a Kanya, sai ya dangwala wata fadamar gabas a wayarsa don kada a bi sawunsa.

"To, ruwan bana ina aka tura shi?"

Ta ɗora yatsa kan fadamar gabas, ja wur. Ya san wurin sarai. Ko kwaɗo ba ya zama a can.