Takun da Tsoho Ya Sani

Bari in ba ka misali da wani saurayi da garinsu ya yi wa kaɗan. Ya bar mahaifinsa da idanunsa garau, ya shiga uwa duniya: yau Legas, gobe Agadas, jibi duk inda mota ta tsaya. Shekara tara ba a ga ƙeyarsa ba, sai dai murya a waya ranar sallah. A garin kuwa akwai wani ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a, siririn mutum mai jan ƙafar hagu, wanda in an tashi daga aiki ba gida yake nufa ba. Shi ne sasanta ma'aurata, shi ne kai mai naƙuda asibiti, shi ne yashe kwata ranar Asabar. Tun zamanin zaman dakali saurayin nan ya raɗa masa Sarkin Shisshigi, har kwaikwayon tafiyarsa yake yi abokai na shewa.

Ranar da saurayin ya dawo, ya tarar an binne ma'aikacin da safe. Ya shiga zauren gidansu da sabon takalmi, ƙwas-ƙwas. Mahaifinsa tsoho na zaune kan buzu, ya karkato kunne ya ce, "Wane baƙo ne? Ban san wannan takun ba." Ashe idanun sun tafi tun shekara shida. Ba wanda ya gaya masa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya durƙusa ya faɗi sunansa. Tsohon ya shafa fuskarsa, ya ce, "Madalla. Tashi ka kai ni gaisuwa."

Suka kama hanya, hannun uba a kafaɗar ɗa. Sau biyu tsohon na tuntuɓe. "Sannu-sannu, yaro. Marigayi yakan gaya mini kwata tun kafin mu kai." A hanyar ne saurayin ya ji cewa duk Laraba marigayin ke jan tsohon zuwa asibitin ido, duk Juma'a masallaci, har farce shi ke yanke masa.

Da suka isa, aka nuna musu inda dangin mamaci ke zaune, su gaisa su wuce. Tsohon ya saki kafaɗar, ya laluba tabarma, ya zauna a cikinsu. "Nan ne wurina," in ji shi. "Ni ma a yi mini gaisuwa, ɗa na rasa." Mutane suka riƙa zuwa suna durƙusawa gabansa, ba wanda ya ga abin mamaki. Saurayin yana tsaye wajen tarin takalma, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya cire nasa, ya bi layi, ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji tsohon, kamar yadda ya amsa wa kowa.

Ka ga, ba banza masu iya magana suka ce zumunta a ƙafa take ba.