Faifan da Ba a Gogewa

Ina shekara goma Baba ya kai ni Tambuwal a juye muryar marigayiya Innata daga kaset zuwa faifan CD, don zaren ya fara cinyewa. Mai shago ya aje faifai biyu. Ya ce ɗaya ana gogewa a sake, ɗayan kuwa ba a gogewa, kuma in wuta ta ɗauke ana cikin aiki ya lalace, kaset ɗin kuma ba lalle ya ƙara juyawa ba.

Baba ya ce, "Ba mu wanda ba a gogewa. Gidanmu akwai samari, wani na iya ɗora waƙa bisa muryar uwar yarinyar ga."

Na kafa wa ƙwan lantarki ido har aka gama. Da aka kunna faifan na ji Inna tana kiran awakinta. Har yau ba mai taɓa faifan nan sai ni.