Tuwon Inna Hure

"Sai kin cinye shi tas," in ji Inna Hure, ta dangwarar da kwanon tuwon shinkafa da miyar kifi a gaban matar ɗanta. "Wagga rama ta ishe ni. Duk Gummi cewa ake Tasi'u na barin ki da yunwa."

Fiddausi ta durƙusa ta yi godiya. Tun da likitoci a Abuja suka yi mata aikin rage tumbi, 'yan lomomi ke ƙosar da ita. Sun ce ƙiba da ƙurajen da ke ma'ajiyar ƙwanta ne suka hana ta samun ciki. Ta yi wa Inna bayani har ta gaji. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda rama ta kawo haihuwa ba.

Kullum kwano ya shigo maƙil, ya koma a suɗe. Ga fura, ga man shanu. Fiddausi kuwa sai ƙara zubewa take, al'adarta ta daidaita.

Ran da Sista Margaret ta asibiti ta tabbatar musu da ciki ya shiga, Inna ta rangaɗa guɗa.

"Ai na faɗa, tuwona ne. Daga yau kwano biyu, tunda ku biyu ne."

Fiddausi ta saci kallon Tasi'u, wanda ya kwashe watanni yana cinye kwanon a bayan ƙofa, har rigarsa ta sallah ta daina shigarsa. Ya share gumi, ya matsa kusa da Sista, ya sassauta murya.

"Sista, wannan aikin na Abuja, ana yi wa maza?"