Mahaifar da Ta Kwanta Baya

Surukina ya saki 'yata saboda hoton asibiti. An daɗe ba haihuwa, hoton kuma ya nuna mahaifarta ta kwanta baya.

Magini ne, ni na koya masa aikin. Ya ce, "Baba, ginin da ya karkace ba ya ɗaukar bene."

Yarinyar ta koma ɗakin uwarta, ta rame. Da jini ya ɓalle mata, muka kai ta asibiti.

Likita ta ce, "Mahaifa kamar hanci ce, Baba, kowace mace da irin tata. Ta 'yarka lafiya lau take. Ciki ma gare ta, sai dai ya zube."

Uwarta ta dube ni. "Tawa ma haka take, Malam. Duk 'ya'yanka a cikinta suka kwanta."

Da labari ya kai wa surukin nawa, ya zo ya durƙusa a gaban gadon 'yata, yana kuka kamar yaro. Na ce ta yi haƙuri, mijinta ne.

Ta juya fuskarta bango.

"Baba, ba zan koma ba."