Yaron da Ba Ya Girma

"Mayar da shi baya," in ji matata, "daidai inda ya ce Umma."

Karo na huɗu ke nan. Fim ne na wasu ma'aurata da suka ɗauko yaron ƙarfe daga masana'anta. Yana dariya, yana ɓata riga, in batirinsa ya yi sanyi a jona shi a bango. Ni da na tsufa a gyaran rediyo, wayoyin ƙeyarsa kawai nake kallo.

Na ce, "Haba tsohuwa, abinci zai huce saboda ɗan gwangwani? Dubi iyayen har sun yi furfura, shi yana nan a shekara shida. Abin da ba ya girma ai ba ɗa ba ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi saman kabad, inda ƙananan takalman makarantar ɗanmu marigayi suka shekara talatin. Kullum sai ta goge su.

"To namu fa, Malam?" ta ce. "Shekararsa nawa yau?"

Na lalubi rimot, na mayar da shi baya.